Bargon 'Yar Fari

Yaran yanzu sai su shiga kasuwa su sayi atamfa sabuwa dal, su dawo gida su sa mata almakashi su yi gunduwa-gunduwa da ita, sannan su zauna su sake haɗa ta, wai su nan ɗinkin nishaɗi suke yi. Ranar da na fara ganin haka da idona sai da na riƙe baki. A Lugbe ne, wata unguwa a babban birnin tarayya, a gidan babbar 'yata, wadda cikinta ya tsufa har likita ya hana ta zuwa ofis saboda jininta yana hawa. Ita kuma ba ta iya zaman banza ba, sai ta gano wannan ɗinki a waya, ta sa mijinta ya sayo mata ɗan keke mai aiki da lantarki, ta baje falo da ƙyallaye tana haɗa wa abin da ke cikinta bargo. Na ce babbar 'yata ne don ku gane wadda nake nufi. A gabanta ban taɓa faɗin haka ba, ban kuma taɓa kiran sunanta ba, domin 'yar fari ce. Ita ma ba ta ce min Mama yadda ƙannenta ke cewa. Anti take ce min, kamar yadda take ce wa kowace baƙuwa mai ɗan shekaru.

Antin bai dame ni ba, ko in ce na saba. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Ba sabuwar atamfa kaɗai ta yanka ba, ta bi matan da take ji da su ɗaya bayan ɗaya ta karɓi ƙyalle a wurin kowacce. Ta shimfiɗa bargon a ƙasa tana nuna min da yatsa: wannan na uwar mijinta ne, wannan na ƙawarta ta makaranta, wannan shuɗin na wata 'yar coci da suke ofis ɗaya, wannan na ƙanwarta da na haifa bayanta. A tsakiya kuwa, inda ido ke fara sauka, zannuwan Yaya ne, yayata da ta riƙe ta tun daga yaye har aure, Allah ya jiƙanta, bara ta rasu. Na gane su tun kafin ta faɗa, har da mai ruwan hanta da muka taɓa yin anko da shi. Na duba daga wannan gefe zuwa wancan, na yaba, na ce Allah ya raba lafiya. Ba ta tambaye ni ƙyalle ba. Da na ga alamar da gangan ta yi, da na sami abin yin fushi na huta. To ko a ranta abin bai zo ba. Yarinyar nan ta girma har ta kusa zama uwa tana ganin ni ban taɓa son ta ba, kuma ba ta ma ɗauki hakan abin tambaya ba. Da wannan na shiga motar komawa gida.

Ni kuwa na san wannan ɗinki tun kafin a haife ta. A Orozo na koye shi, lokacin Orozo tana ƙauyenta, ba wannan tarin shagunan bulo da hayaniyar 'yan acaɓa ba. Maigidana, Allah ya yi masa rahama, direban tifa ne a wani kamfani da ke fasa dutse ana kai wa masu ginin birni. Zama a cikin gari ya fi ƙarfinmu, sai muka kama ɗaki a gidan wani dattijon Gbagyi mai gonar doya. Da safe ba agogo ke tashe mu ba. Ladan ne a ɗan masallacin ƙasa, da muryar da Allah ya ba shi, ba lasifika, can kuma sai a buga tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiya a bakin coci, sai sakan matan gidan ya ɗauka, taɓarya na amsa wa taɓarya. Da tsakar rana a ji dum daga wajen duwatsu, kwanon ɗaki ya girgiza, kaji su watse, in ce a raina ga abincinmu can ana fasawa. Ruwa a rafi muke ɗebowa mu jefa masa alif ya kwanta. Matan Gbagyi su wuce mu a hanya da itace jibge a kafaɗa, ba sa ɗora kaya a ka, su gaishe mu da Hausarsu mu amsa, mu yi musu dariya su yi mana. Doya kuwa har ta gundure mu, a dafa, a gasa, a kirɓa. Yau a wannan rafin ledoji ne ke iyo, gonar dattijon kuma an yanka ta filaye, kowa ya zagaye nasa da katanga ya sa janareta. Ina nan a unguwar har yanzu, amma sai in yi sati ban ji ƙarar taɓarya ba.

Ɗakin da ke jikin nawa na wata mata ce 'yar Filato, mai tuyar masa, kowa Ngo yake ce mata, wai uwa ke nan da yarensu. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ta hayayyafa, ga ta da dariya mai cika gida. Ni a lokacin ina ɗauke da cikin fari, kuma a inda na fito cikin fari abin ɓoyo ne. Ba a faɗa, ba a nunawa, in an tambaye ki sai ki sunkuyar da kai kamar an kama ki da sata. Mayafi nake yafawa mai kauri ko da zafi ya kai ina, ina tafiya ina ranƙwafawa. Da cikin ya tsufa zuwa rafi ya gagare ni, sai zaman ɗaki, daga in ƙirga azara sai in yi barci. Wata rana bayan azahar Ngo ta leƙo.

"Kai amarya, fito ka sha iska," in ji ta. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa kai ne. "Wannan ciki da kana ɓoyewa, har akuyan gidan nan ya sani. Zo ka riƙe mini allura."

Na fito ina jin haushinta, na tarar ta zazzage buhun ƙyallaye a kan tabarma. Akwai wani tela da ke kafa kekensa ƙarƙashin bishiya ranar kasuwar Karshi, duk abin da almakashinsa ya zubar shi ne take kwasowa, ta ba shi masa mai zafi ya ba ta sharar shagonsa. A wurin matan cocinsu ta koyi abin da ake yi da su. Sai an wanke, an goge da dutsen guga na gawayi, sannan a ɗora kwalin sukari da aka yanka murabba'i a bi gefensa da almakashi, don kowane ƙyalle ya zo daidai da ɗan'uwansa. Zaren kuma a ja shi a jikin guntun kyandir don kada ya riƙa ƙullewa. In na yi ɗinki mai faɗin baki sai ta karɓa ta sa haƙori ta tsinke, ta ce, "Yatsan bebi zai shiga nan. Sake." Na sha jin kamar in watsa mata kayanta in koma ɗaki. Amma gobe kafin ta gama wanke tandarta na riga na shimfiɗa tabarmar.

Ban san yadda zan gaya wa yaran yanzu abin da wannan zama ya yi min ba, su da ke ɗaukar ciki hoto su aika wa duniya. Tun da na sami cikin ba wanda ya taɓa yi min maganarsa, ni ma ban yarda na yi wa kaina ba. Sai ga shi kullum la'asar ina zaune ina yi wa wani mutum abu, ina auna tsayinsa da taƙi, ina tunanin ko ja zai karɓe shi ko kore. In ya motsa sai allura ta tsaya a hannuna, Ngo ta kwashe da dariya ta ranƙwafo ta ce wa cikin, "Yi haƙuri oga, ana kan aikinka." Ni ba na magana da baki, amma kowane ƙyalle da abin da nake faɗa masa a zuci. Na ce zan goya shi har sai bayana ya gaji. Na ce ba zan bari kowa ya ɗaga masa murya ba. Maigidan ya yi kamar bai san abin da ake ciki ba, shi ma ɗan fari ne a wurinsa. Sai wata rana ya dawo aiki, ƙura har gira, ya zaro guntayen farar shadda daga aljihu ya ajiye a bakin gado, ya ɗauki buta ya fita. Su na sa a kusurwoyin. Muka shimfiɗa tsohon bargonsa a ciki don ɗumi, muka ɗinke, abu ya fito kamar a kanti. Ban taɓa yin abin da na so kamarsa ba.

Ranar da na wanke shi na shanya a igiyar tsakar gida, ranar Gwaggo ta iso. Ƙanwar babana ce, ta zo tare da Yaya su tafi da ni gida goyon ciki, don haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta. Gwaggo mace ce mai kirki, a hannunta rabin danginmu suka faɗo duniya, amma bakinta reza ne. Ko ruwa ba ta gama sha ba idonta ya kai kan igiya.

"Wannan ɗan mitsitsin bargo fa, na wane ne?"

Ngo tana bakin murhu, ta taso da fara'arta tana goge hannu a zani. "Na bebinshi ne, Mama. Shi da kanshi ya ɗinka. Duba hannu, kamar na tela!"

Gwaggo ta ajiye kwanon ruwan ta tafa hannu tana salati. "Cikin fari? Ke 'yar nan, a wace tasha kika yar da kunyarki? Mu da muka haifi namu ko kallonsu ba ma yi a gaban mutane, ke tun bai zo ba kin yi masa shimfiɗa, kin baje a tsakar gida maza suna wucewa? To da ma an ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai."

Matan gidan suka fara leƙowa. Yaya ta rufe baki da mayafi tana dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Ba nawa ba ne, Gwaggo. Nata ne, taya ta kawai na yi. Ni me zan yi da shi? Ni ko tunanin abin ba na yi."

"Yawwa," in ji Gwaggo, "yanzu na ji magana. Na san ba haka muka rene ki ba."

Ngo ta dube ni. Ba ta ƙaryata ni ba, ba ta kuma yi fushi ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta je ta sauke bargon da sauran danshinsa, ta ninke shi a kan ƙirjinta ta shiga ɗaki. Abin da ke cikina ya yi wani juyi a daidai lokacin. Na san motsin ciki ba ya rasa dalilinsa na jiki, ba sai an gaya min ba, amma har gobe ina jin kamar ta ji abin da na ce.

Na haihu lafiya a gida, mace. Na sha wankan jego da ganyen darbejiya, na sha kunun kanwa har ya fita raina, na kuma yi kunya irin wadda ake ba da labari. In ina ba ta nono wani ya shigo sai in kawar da kai. In ta yi kuka a gaban baƙi sai in ci gaba da abin da nake yi har wata ta ɗauke ta ta dangwara min. Tsofaffi suna ta sa min albarka, suna cewa 'ya'yansu su yi koyi da ni. Da na dawo Orozo bayan watanni, na faki ido na shiga ɗakin Ngo na tambaye ta kayana a hankali. Ta karɓi jaririyar ta yi mata rawa ta yi mata waƙa da yarensu, sannan ta ce, "Ai ka ce ba naka ba. Wata ta haihu a bayan coci, ba shi da ko tsumma, ga sanyin damina. Bargo ba ya zama a akwati yaro yana jin sanyi." Gaskiya ta faɗa. Na yi shekaru ina wucewa ta bayan cocin nan in za ni rafi, ina ganin sa a shanye a kan dangar mutane, jan ya koɗe, koren ya koɗe, farar shaddar kusurwa ta zama ruwan ƙasa. 'Ya'yan wata suka yi ta girma a cikinsa. Ngo kuma daga baya aikin mijinta ya ƙare suka koma Filato, ban sake jin ɗuriyarta ba.

Da aka yaye yarinyar sai Yaya ta zo ɗaukarta. Allah bai ba Yaya haihuwa ba, kuma tun ina jego aka gama magana cewa 'yar fari tata ce. Ba wanda ya yi min dole, ba wanda ma ya tambaye ni, don ba abin tambaya ba ne, haka aka yi wa uwata haka aka yi wa kakata. Ranar tafiyar ban fito rakiya ba, Gwaggo ta yi ta yabona a dangi har ta koma ga Allah. Kuma Yaya ta riƙe amana. Ta ci da ita, ta sha da ita, ta sayar da awarwaronta ta kai ta jami'a. Duk wanda ya ce an cuci yarinyar nan a riƙo, ni zan fara tsaya masa. In an yi hutu takan zo mana, in sa mata tuwo a ƙarshe bayan na sa wa kowa, in ina son aikenta in ce wa ƙannenta, ku ce wa waccan ta zo. Akwai hutun da zazzaɓi ya kama ta, tana 'yar firamare. Ina zaune da baƙi a tsakar gida ta lallaɓo ta ɗora kanta a cinyata, jikinta kamar garwashi. Na ji zafin har cikin ƙashina. Sai na ga idon baƙin a kaina, na janye ƙafata a hankali na ce a kira mata babanta. Ba ta sake ɗora kanta a jikina ba.

Kada wani ya ɗauka zagin al'adarmu nake yi. Kunya ta riƙe gidaje. Ita ta sa ɗa ya zama na kowa, matar da ba ta haifa ba ta sami mai share mata hawaye, uwa kuma ba ta sangarta na fari ya zama fitinar ƙannensa. Yau matar ɗana sai ta rungume ɗanta na fari a gabana tana sumbatar sa, tana kiran sunansa gatsal har maƙwabta su ji, wai shi ne rayuwarta. Ina yi mata tsaki, ina cewa zamani ya lalace, kuma da gaske nake. Amma in na koma ɗaki ba tsakin ke bina ba, kishi ne, kishin yarinyar da na girmi uwarta. Mu an koya mana cewa ɗa ya san uwarsa na son sa ko ba a faɗa ba, jini ne ke gaya masa. Na yarda da haka shekara da shekaru don ya fi min sauƙi. Sai da na ga bargon Lugbe na gane jini bai gaya mata komai ba, abin da ta gani da idonta shi ta riƙe.

Bayan wannan ziyarar na yi kwanaki ban koma ba. Sai ƙanwarta ta ce min hannuwanta sun kumbura, har zobe an cire mata, ga bargon ya tsaya. Na dama kunun gyaɗa na zuba a fulas na kama hanya. Daga Orozo zuwa Lugbe tafiya ce, sai ka ci gosulon Nyanya, ka ratsa birnin gaba ɗaya, ka sake mota ka bi hanyar filin jirgi. Na same ta a kujera ta ɗora ƙafafu a kan matashi, bargon a cinyarta. Ta gama haɗa fuskar, ta sa auduga da ƙyallen baya, saura kalmasar gefe, kuma wurin ya yi kauri, keken sai karya allura yake yi. Da hannu take gwadawa, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Muna cikin gaisawa allurar ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa, ta bi ta da ido, ba halin sunkuyawa. Na tsugunna na ɗauka. Maimakon in miƙa mata sai na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na jawo gefen bargon kan gwiwata. Zaren ya zare, idona ba ya ganin kafar allura, ita kuma yatsunta ba sa riƙe zare, sai da muka haɗu, ina riƙe tana cewa sama kaɗan, hagu, yawwa, kafin ya shiga. Na fara kalmasa. Hannu ba ya mantuwa.

Ta zuba wa hannuna ido. Can ta ce, "Anti, ashe kin iya? A ina kika koya?"

"A Orozo. Wata maƙwabciya ce ta koya min."

"Kin taɓa yin irin wannan? I mean, gaba ɗaya, har ki gama?"

"Sau ɗaya."

"Na wa? Ban taɓa ganin shi a gida ba."

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ce, naki. Tsohuwa da ni, da jikoki, Gwaggo ta daɗe a ƙasa, ba kowa a falon sai mu biyu, amma harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Na kafa ido a kan ɗinkin.

"Na wata yarinya ne. Tun tana ciki aka yi mata."

"Ta yi amfani da shi?"

"Bai kai gare ta ba. An yi wa uwar dariya, sai ta ce ba nata ba ne. Aka ba wasu."

Ba yarinya ba ce, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Ban ɗago ba, amma na ji numfashinta ya canja. Janaretan maƙwabta yana ta ruri, na yi ɗinki ya kai taƙi guda kafin ta sake magana, kuma da ta tashi yi ba ta bi ta bayan gida yadda na bi ba.

"Ranar da Umma ta tafi da ni fa?" Yaya take ce wa Umma. "Ta ce ko rakiya ba ki fito ba, wai kina wanki. Ina yawan sa ta ta sake ba ni labarin, ko wata rana zai canja. Bai taɓa canjawa ba."

Allurar ta soke ni a yatsa, na sa a baki. Na ce, "Ba wanki nake ba. A banɗaki nake. Na cusa bakin zani a baki, ina kwara ruwa a ƙasa don kada a ji. Sai da na ƙarar da tulu."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta yi faɗa, na shirya wa kowanne. Sai ta ɗora kumburarren hannunta a kan cikinta, ta yi magana a hankali, ba fushi a ciki ko kaɗan.

"Da kin bari na ji, Anti. Ko sau ɗaya. Na girma ina ta neman abin da na yi miki."

Na buɗe baki in ce haka ake yi a lokacinmu, in ce Gwaggo, in ce Yaya ba ta da kowa, in ce yabona aka yi. Duk gaskiya ne, amma ba ko ɗaya da ya isa ya zama amsar yarinyar da ta ɗora kai a cinyar uwarta aka janye. Na rufe bakina na ci gaba da ɗinki, hawaye na zuba, ina kare bargon da gefen mayafi don kada ya ɗiga a kan zanin Yaya. Wannan karon ba tulu a kusa, ta kuma ji. Ba ta ce in yi shiru ba, ba ta ce ta yafe ba. Ta dai sha kunun da na kawo har ta ƙara.

Da na gama gefe ɗaya na miƙe ina neman takalmina, don in an yi la'asar motar Nyanya sai da kokawa. Har na kai bakin ƙofa ta ce, "Gobe za ki zo? Saura gefe uku, kuma hannuna ba zai iya ba."

Kullum yanzu ina hanya. Gwiwoyina suna ƙara, yaran mota sun san ni har suna ajiye min gaba. Anti take ce min har yau, ni ma har yau sunanta bai fita a bakina ba, na gwada ni kaɗai a ɗaki ya tsaya a maƙogwaro. Ba ta tambaye ni ƙyalle ba, ni ma ban yi tayi ba, ban ga ina da bakin yi ba. Likita ya ce haihuwa ko yau ko gobe. Ni da na gama gefe guda a zama ɗaya ranar farko, ga ni har yanzu a kan na biyu, ina ɗinki ina tsayawa gyaran zaren da ba abin da ya same shi. Ta lura, na san ta lura. Ba ta ce in yi sauri ba.